Fiton da Lutgart Ta Ji

Shekara ashirin da biyu Lutgart Vanhoutte tana kirana Kurma, kuma ban taɓa jin haushi ba, don tana da hujjarta. Sunana Ivo. Ni ne mai tsayawa gaban injin buga faifai tun bakwai na safe, kunnuwana a toshe da wasu faffaɗan murafai saboda ƙarar tururi. Ita kuwa tana can ƙuryar masana'antar, a wani ɗan ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da soso, tana saurare. Aikinta ke nan. Duk faifan da za mu buga, sai mun fara fitar da guda biyar na gwaji an kai mata, ta ɗora allura ta ji shi tun daga farko har ƙarshe. In ta sa hannu a takarda, in buga dubu. In ta ja layi da jan biro, sai a koma a sake yanka uwar faifan, wato asalin da ake buga sauran da shi, tun daga tushe, ko da mai shi zai yi birgima a ƙasa.

A bakin kogin Leie aka haife ta, a gefen garin Kortrijk, ba nisa da inda masana'antarmu take. Ubanta ƙarar injinan masaƙa ce ta cinye masa kunne tun bai cika hamsin ba. Ta taso tana ganin uwarta tana kwarma masa ihu a kan teburin cin abinci kafin ya miƙo gishiri, shi kuma yana murmushi yana gyaɗa kai, bai san me aka ce ba. Wannan murmushin ne ya tsaya mata a rai. Tun tana budurwa ta ɗauki kunnenta kamar ƙwai a cokali. Ba ta zuwa kasuwar baje koli, ba ta zama kusa da masu busa a wurin biki, in za ta bi ta gadar jirgin ƙasa a kan kekenta sai ta cusa auduga. Ta auri Raf, wani mai rabon wasiƙu wanda in ya yi magana goma a wuni to ya yi surutu. Ba su haihu ba. Da ya rasu, shekara tara ke nan, na tambaye ta ko shirun gidan bai dame ta ba. Ta ce, "Shirun ne kaɗai ya rage mini wanda ya san ni." Gidanta babu rediyo, babu talabijin, ko agogon bango ta cire don ƙas-ƙas ɗinsa.

Kada a ɗauka mai son kiɗa ce. Takan ce, "Ni ba waƙa nake ji ba, ƙasan waƙar nake ji." Tsaki ɗaya na ƙura, ɗan ƙaiƙayin allura, ɗan zurfin da ya yi yawa, nan kunnenta yake kwana. Sau biyu a idona kwamfuta ta ce faifai lafiyarsa lau, Lut ta ce a'a, aka sa madubin ƙara girma aka tarar da silin gashi a jikin ƙarfen bugun. Tun daga nan maigidanmu Filiep ya daina musu da ita. Kuma akwai wata ɗabi'a tata da kowa ya sani: in ta ɗora allura, takan juya wa na'urar baya, ta rufe ido, ba ta tashi sai faifan ya ƙare. Ko waƙar yara ce, ko wa'azin wani limamin coci, ko shirmen da ba ya jiyuwa. Shekara ashirin da bakwai a kujerar nan, ba wanda ya taɓa ganin ta tashi kafin allura ta kai ƙarshe.

Yankinmu cike yake da masu kiɗan nan da suke kira post-metal. Ƙattai ne masu gemu da baƙaƙen kaya, ka gan su ka ce za su cinye mutum ɗanye, alhali rabinsu ko nama ba sa ci, kuma su ne masu goge takalmi a bakin ƙofa. Waƙarsu ɗaya takan kai minti ashirin. Jita ta fara a hankali, ganga ta shigo da nauyi, abu ya yi ta taruwa har ka ji haƙarƙarinka na rawa, wani ya yi kururuwa daga can ciki, sai kuma ɗif. Lut tana kiran abin kiɗan injin kwaɓa siminti, a gabansu ma take faɗa. Su kuma su yi dariya, su ce, "Gwaggo Lut, amma dai simintin ya kwaɓu?" Ni dai na san tana ƙaunarsu a ɓoye. Ta taɓa ce mini a duk masu kawo mana aiki, su kaɗai ne suka san shiru ma abu ne da ake sawa a faifai.

Tijs yana cikin waɗanda ta fi so. Malamin koyar da sassaƙar katako ne a makarantar sana'a, ɗan shekara arba'in da huɗu, shi ne mai jita kuma jagoran wata ƙungiya da sunanta a yarenmu yake nufin Taɓon Kogi. Shekara shida suna haɗa faifansu. A gefe na biyu, kiɗa yakan yi ta hauhawa har minti goma sha huɗu, sai ya yanke, a bar minti huɗu cur babu komai sai ɗan numfashin na'ura. Tijs ya ce mintocin nan huɗu su ne faifan, sauran duk hanya ce ta zuwa wurinsu. Suna so ya fito kafin wani babban taron irin kiɗansu da ake yi a Holan cikin Afrilu.

A sati na biyu na Janairu na buga na gwajin na kai mata. Bayan awa ɗaya takarda ta fito da jan layi: "Gefe na biyu, minti na sha huɗu. Fito, siriri, ba ya yankewa har ƙarshe."

Filiep ya duba a kwamfuta bai ga komai ba, amma wa zai bi ta kwamfuta? Ya kira Tijs. Tijs ya zo da la'asar daga makaranta, ƙurar katako a gemunsa, tare da mai gangarsu Korneel. Suka matsu a ɗakin soso su uku da Filiep, wanda shi ma ya yi shekara sha biyar yana haɗa lasifika a wuraren wasa kafin ya buɗe masana'anta. Lut ta ce, "Ku natsu. Da kiɗan ya yanke, ku sa kunne sama, can sama." Kiɗa ya yanke. Na ga fuskar Tijs ta canza.

"Wayyo Allah, ga shi nan kuwa," in ji shi.

Korneel ya dafe kai. "Yaya aka yi ba mu ji shi a situdiyo ba?"

Filiep ya gyaɗa kai, ya ce shi ma ya ji. Sai ya leƙo ya kira ni, wai a samu kunne na biyar. Na cire murafaina, na shiga, aka mayar da allura. Na saurara iya ƙarfina. Na ce ni dai ban ji komai ba.

"To kai dama me za ka ji, Kurma?" in ji Lut. "Koma wurin injinka kafin ya yi kewarka."

Aka yi dariya, har da ni. Gaskiya ban kawo komai a raina ba. Mutum huɗu ne da kunne ne sana'arsu, ni kuwa mai danna maɓalli ne.

Aka aika a sake yanka uwar faifan. A wannan zamanin da kowa ya koma son faifan roba, layi ake bi, sai da aka yi sati biyar. Na buga na gwaji na biyu. Jan layi ya sake fitowa, kalma ɗaya ba ta canza ba. Filiep ya ɗaga waya ya zazzage mai yankan, wani dattijo a wani gari wanda ya fi shekara talatin a sana'ar, har mutumin ya ce in an ga dama a kai aikin wani wuri. Aka canza allura. Aka canza wayoyi. Aka kashe fitilun zaure don ko su ne ke shiga layin. Tijs ya koma situdiyo ya tsefe naɗin gaba ɗaya, yana neman abin da ya ɓata masa mintocinsa huɗu. Duk zuwan da zai yi sai na ga ya ƙara zuƙewa. Lut ma ba ta jin daɗi. Takan ce masa, "Ka yi haƙuri, ɗana, ba zan sa hannu a kan abin da na ji da kunnena ba." Shi kuma ya ce, "Gwaggo, ko kin sa ni ba zan yarda ba."

Na uku ya iso a ƙarshen Maris. Ranar suka fito daga ɗakin soso jiki a mace, suka tsaya kusa da bencin da nake cin burodina da cuku, suna ta jimami. Tijs ya tsuke baki ya kwaikwayi fiton, siriri tsit.

Korneel ya ce, "Kai, ba haka yake ba. Ya fi wannan kauri, kamar butar shayi ta kusa tafasa."

"Butar shayin gidanku! Sama yake, can ƙololuwa."

Filiep ya ce, "Ko ma yaya yake, ta hagu kawai yake fitowa."

"Ta hagu? Ni ta duka biyu nake jin sa," in ji Tijs.

Suka ci gaba da zancen mai yanka, ba wanda ya tsaya a kan abin da suka faɗa yanzun nan. Ni kuwa na ajiye burodina. Fito ɗaya a faifai ɗaya, mutum uku, kowa da irin nasa. Sai na tuna wani abu. A watan Nuwamba Lut ta sa na taya ta fitar da tsohon firjinta, wai ya fara yi mata fito. Bayan sati biyu ta ce sabon ma haka yake, kayan yanzu duk na banza ne, ta kira mai gyaran wuta ya duba gidan bai ga komai ba, ta ce shi ma bai san aikinsa ba.

Kwana uku ina juya abin a raina. Na so a ce ni ne kurman da gaske. Na san me kunnen nan yake a wurinta, ba aiki kaɗai ba, shi ne abin da ta tsare tun tana kallon murmushin ubanta. Amma Filiep ya riga ya fara maganar yanka na huɗu, kuma Tijs ya fara cewa ko dai ya cire mintocin huɗun gaba ɗaya ya huta.

Ranar Litinin da rana, da kowa ya fita cin abinci, na ƙwanƙwasa mata ƙofa. Na ce, "Lut, sa mini gefe na biyun nan in sake gwadawa. Na wanke kunnena jiya."

"Da me, da sabulun wanke inji?" Ta ɗora allura, ta juya baya, ta rufe ido kamar kullum.

Minti goma sha huɗu na zauna ina jin jita tana niƙa ni. Kiɗa ya yanke. Na miƙa hannu a hankali na taɓa ɗan ƙarfen da ke ɗaga allura. Ta tashi sama ba ko ƙyas. Faifan yana ta juyawa a ƙarƙashinta, babu abin da ke taɓa shi.

Lut ta ɗaga yatsa. "Ga shi nan. Ka ji? Haba Kurma, wannan ai ko bango ya ji shi."

Na ce, "Lut, buɗe idonki ki juyo."

Ta juyo. Ta kalli allurar a rataye a sama, ta kalli faifan, ta sake kallon allurar. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta tsufa a gabana haka ba. Ta ce, "Kashe komai." Na zare wayar daga bango. Ɗakin ya yi tsit, irin tsit ɗin da sai a ɗakin soso ake samunsa. Ta zauna hannuwanta a cinya, kanta a ɗan karkace, tana saurare.

Na ce, "Har yanzu?"

Ta gyaɗa kai.

Sai ta ce, "Wa ka gaya wa?"

"Ba kowa. Kuma ba sai an gaya wa kowa ba. Ki sa hannu ki ce na ukun ya fito lafiya. Nan gaba duk faifan da ke da shiru a ciki, ki kira ni in saurara miki wurin."

"Kai?" Ta yi wata 'yar dariya da ta fi kuka ciwo. "Wato in zauna ina gyaɗa kai ina murmushi, wani na ji mini. Na ga wanda ya yi haka, Ivo."

Ranar ce ta fara kirana da sunana, kuma ban ji daɗinsa ba ko kaɗan. Ta jawo takarda, ta ɗauki baƙin biro, ta rubuta: "Faifai lafiya tun na farko. Aibin yana wurin mai saurare." Ta sa hannu, ta miƙe ta nufi ofishin Filiep da kanta.

Da aka kira Tijs ya zo tare da Korneel, ya ƙi yarda. "Amma Gwaggo, ni ma na ji shi! Mu uku muka ji!"

"Ka ji naka, ɗana, na ji nawa," in ji ta. "Tun yaushe kunnenka yake yi maka ƙara?"

Tijs ya ce tun yana ɗan shekara sha tara, tun wani wasa da ya tsaya gaban lasifika har aka tashi. Ya saba da shi har ya manta yana nan, sai da ta ce su sa kunne can sama. Korneel ma haka, Filiep ma haka, nasa a kunnen hagu. Duk wanda ya yi shekara da shekaru cikin wannan kiɗan yana yawo da fitonsa, ba ya kula shi ne kawai. Su ukun suka tsaya cirko-cirko kamar yaran da aka kama da hannu a tukunya. Ba wanda ya yi mata faɗa. Ina ganin da sun yi, da ya fi mata sauƙi.

Faifan bai samu taron Afrilu ba, sai Yuni ya fito, kuma da uwar farko aka buga shi, wadda ba ta da laifin komai. Filiep ya kira dattijon mai yanka ya ba shi haƙuri. Ya roƙi Lut ta zauna, ya ce kuskure ɗaya a shekara ashirin da bakwai ai ba kuskure ba ne. Ta je asibiti, likita ya ce abin ba ya kisa kuma ba ya warkewa, sannan siraran sautuka sun riga sun fara kuɓuce mata. Ƙarshen Mayu ta ɗauki matashin kujerarta da kofin shayinta ta tafi. Jan biron ta bar shi a kan tebur.

A watan Disamba masu rubutu kan irin wannan kiɗa sukan jera faifan da suka fi kowanne kyau a shekara. Na Taɓon Kogi ya hau kan jeri da yawa, a wasu na ɗaya, a wasu na biyu. Kusan duk wanda ya yi rubutu sai ya ambaci mintocin nan huɗu, wani ma ya ce bai taɓa jin shiru mai tsabta kamarsa a faifai ba. Tijs ya kawo guda ɗaya daga bugu na biyu, wanda aka yi bayan na Yuni ya ƙare a kasuwa, ya ce in kai mata, shi kunya ba za ta bar shi ba. A ɗan filin da ke kusa da tsakiyar faifai, inda masu yanka kan karce 'yan kalmomi da tsinke, ya sa an rubuta: "Gwaggo Lut ta saurara."

Ranar Lahadi bayan cin abincin rana na hau kekena na je. Tun daga bakin ƙofa na ji abin da ban taɓa ji a gidan ba: rediyo, wani yana ta zuba labarin tseren keke. A kicin kuma famfo yana ɗan tsiyaya cikin kwano, da gangan. Ta ga ina kallo. Ta ce, "In akwai wata ƙara, nawa yakan ɗan lafa. Zauna, ga kofi."

Na ba ta faifan. Ta karkata shi wajen taga ta karanta rubutun, ta ce, "Yaran banza," ta goge ido da bayan hannu. Tana da tsohuwar na'urar jin faifai ta Raf a falo. Ta kashe rediyo, ta rufe famfo, ta ɗora gefe na biyu, ta zauna. Wannan karon ba ta juya baya ba, ba ta rufe ido ba. Ni take kallo.

Kiɗa ya hau, ya hau, ya yanke.

"Kurma," ta ce ƙasa-ƙasa, "me ke ciki?"

"Ba komai, Lut. Shiru ne."

"A'a, gaya mini da kyau. Ba koman yaya yake?"

Na sa kunne sosai, irin yadda ban taɓa sawa ba. Na ce akwai ɗan huci kamar na mai barci a ɗaki na gaba. Can kuma na ce, "Yanzun nan wani ya ɗan motsa a kan kujera, ina jin Korneel ne."

"Kujera? Akwai motsin kujera a ciki?"

"Ɗan kaɗan ne."

"Sau goma sha biyar na saurari wurin nan," in ji ta. "Ban taɓa jin kujera ba."

Na ga hannunta ya tafi gefen tebur yana lalube, inda jan biro zai kasance, sai ya dawo cinyarta. Ta ƙara zama kamar minti ɗaya, haƙoranta a cije. Saura fiye da minti biyu allura ta kai ƙarshe, ta miƙe, ta wuce ta gaban faifan yana juyawa, ta je ta kunna rediyo.